Ranar da Saje ya ce da zafi

Akwai wani tsohon soja da duk unguwarsu ba mai kiran sunansa na yanka. Saje ake ce masa, tun daga jikokinsa har mai kawo takardar wuta. Shekara ashirin da shida ya yi cikin kaki kafin ya ajiye aiki, amma in ka ga yadda yake ninke bargo da safe, sai ka rantse yau manya za su zo duba ɗaki.

Matarsa kuwa Kwamanda yake ce mata. Da tsokana aka fara, daga baya sunan ya bi ta, don maganar gaskiya gidan nan a hannunta yake. Shi ke da babbar murya, ita ke yanke hukunci.

To, Saje yana da ciwo a ƙugunsa na dama. Tun yana bakin aiki motarsu ta taka nakiya, guntayen ƙarfe suka shige masa kusa da ƙashi. Aka cire abin da ya ciru, aka bar saura. Lokacin da jini a jika, bai ɗauki abin a bakin komai ba. Da shekaru suka ja, sai gaɓar ta fara cinyewa. Tun yana ɗan ɗingishi, har ya koma dogara sanda, har ta kai salla ma sai a kan kujera.

Likitan da ke duba shi a asibitin unguwa bai ɓoye musu komai ba. Ya ce gaɓar ta kusa ƙarewa, in ba a yi aiki an sa sabuwa cikin shekara guda ba, sai dai keken guragu. Aikin kuma ba na aljihun ɗan fansho ba ne.

Amma akwai hanya. Sojan da ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin rauni bayan fanshonsa, har da katin da za a yi masa aiki a asibitin soja ba tare da ya biya ba. Sharaɗin guda ɗaya ne: kwamitin likitocin soja ya duba shi ya sa hannu. Sau uku ake ba mutum dama. Bayan ta uku, a rufe fayil.

Saje ya je sau biyu. Sau biyun kuma aka buga wa takardarsa hatimi cewa lafiyarsa ƙalau.

Na san wasunku sun fara zagin likitocin a zuci. Ku dakata tukuna ku ji abin da bawan Allahn nan yake yi.

Ranar kwamiti, tun da safe zai sa a goge masa riga, a shafa wa takalmi baƙi har ya yi ƙyalli. Zai sha wahalar mota, ya sha wahalar layi, yana cije leɓe. Da an kira lambarsa, sai ya jingine sandar a bayan ƙofa. Yana hango kaki da anini a kafaɗa, bayan nan nasa da ya sunkuya sai ya miƙe. Ya shiga da tafiyar fareti, ya buga ƙafa, ya sara.

"Saje, yaya jiki?"

"Lafiya lau, yallabai."

"Akwai inda ke damunka?"

"Babu, yallabai."

"Ɗan taka mu gani."

Sai ya taka har bango ya dawo, kai a sama, ƙirji a gaba. Likitan da mutum sittin ke jiransa a waje, me zai yi? Ya sa hannu ya ce na gaba. Shi kuma Saje ya dawo gida ya kwana biyu bai iya sauka daga gado ba.

Ba ƙarya yake nufin yi ba, Allah ya sani. Abin da aka dasa masa ke nan tun yana kurtu: soja ba ya kai kuka gaban na gaba da shi. A wurin horo, duk wanda ya ce ƙafarsa na ciwo, jaka ta biyu ake ɗora masa. Shi kansa Saje ya yi shekara takwas yana koya wa kurata haka, har abin ya zame masa jiki.

Yana da wani amini, Kofur, wanda suke cikin mota ɗaya ranar nakiyar. Shi ƙarar ce ta tafi da kunnuwansa. Kofur zuwa ɗaya ya yi ya samu katinsa, kuma ba ya gajiya da ba da labarin.

"Ni fa ba wayo na fi ka ba," in ji shi, da ƙarfi, don bai san yana ɗaga murya ba. "Sau uku likita yana tambayata yaya jiki, ina kallon bakinsa. Da na ji tambayar, da ni ma lafiya lau zan ce."

Saje ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Kwamanda da ke zuba musu shayi ko murmushi ba ta yi ba, don a ranar ne takardar kira ta uku ta iso.

Da baƙo ya tafi, ta jawo kujera tsakar ɗaki ta zauna, ta ɗora littafin jikanta a cinya.

"Zo nan. Ni ce likita. Sai mun gwada tun a gida."

"Haba Kwamanda, wasan yara za mu yi?"

"Shigo na ce."

Ya shigo da sandarsa yana ƙunƙuni. Ta tambaye shi yaya jiki, ya ce ƙugu ne ke ɗan damunsa. Ta ce ba ɗan ba, ya gyara. Ya ce to, yana damunsa sosai. Sau uku suna yi, yana amsawa daidai, har ta fara jin daɗi.

Sai dabara ta faɗo mata. Ta buɗe akwati ta ɗauko tsohuwar hularsa ta soja ta kifa a kan ɗankwalinta, ta haɗe fuska, ta yi kaurin murya.

"Saje, yaya jiki?"

Wallahi kafin ta rufe baki mutumin nan ya saki sanda ya ƙame.

"Lafiya lau, yalla..."

Ya tsaya. Suka kalli juna. Ita da hula a karkace, shi da hannu ya kusa kai goshi. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har hawaye ya zo, sai kuma hawayen ya ƙi tsayawa. Ta cire hular ta ajiye a cinya.

"Maigida, ni ba gajiya na yi da kai ba," ta ce. "Ko a keke kake zan tura ka, kuma ba zan ce uffan ba. Amma tsoro nake ji. Na san ka. Ranar da ka kasa tashi da kanka, zuciyarka ce za ta kwanta kafin ƙafar."

Ya samu gefen gado ya zauna da ƙyar.

"Mu tara ne a motar nan," ya ce a hankali. "Huɗu ba su dawo ba. Ɗaya ya dawo ba ƙafa ko ɗaya. Ni da na dawo da nawa biyu, in je gaban manya in yi raki? Da wane ido?"

Shekara talatin da huɗu suna tare, bai taɓa faɗa mata wannan ba. Ta ɗauko sandar daga ƙasa ta jingine masa kusa da hannu, ta ce shayinsa zai huce.

Ranar kwamiti suka isa tun ofis bai buɗe ba. Doguwar baranda ce da benci biyu, cike da tsofaffin sojoji, kowa da fayil a hammata. Fanka ɗaya ce a sama, tana juyawa tana ƙara. Magatakarda yana zaune a bakin ƙofa da rajista, yana kiran lamba.

Kwamanda ta matsa kusa da shi ta gaishe shi.

"Ɗana, don Allah zan iya shiga da shi? Akwai abin da ba zai faɗa ba."

"Mama, ki yi haƙuri. Mai fayil kaɗai ke shiga, sai in likita ta kira ki."

Aka kira lamba goma sha bakwai. Saje ya dafa benci ya miƙe. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Shiga da sandar."

Ya kalle ta, ya kalli sandar, kamar zai ji magana. Sai aka buɗe ƙofa, ya hango kaki. Ya miƙa mata sandar ba tare da ya san ya yi ba, ya shige.

Ƙofar ofishin ba ta kamawa, kullum sai ta bar ɗan tsagi. Kwamanda ta koma ƙarshen benci, daidai tsagin, ta kasa kunne.

Likitar da ke shugabantar kwamitin a wannan karon mace ce, mai muƙamin kanar, furfura ta fara fito mata a gefen kai, tabarau na rataye a wuyanta. Likitoci biyu matasa suna zaune a gefenta. Ta buɗe fayil ta karanta, ta ɗaga hoton ƙashin ta duba shi a hasken taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Saje, yaya jiki?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

A waje, Kwamanda ta kifa goshi a kan sandar.

"Hoton nan ba haka ya ce ba," in ji Kanar.

"Tsohon ciwo ne, ranki ya daɗe. Ya warke."

"Kana iya tafiya?"

Ya taka har bango ya dawo. Gumi ya tsatso masa a goshi, ya jiƙa wuyan riga, amma ƙafa a haɗe, ido a gaba. Ɗaya daga cikin matasan ya jawo fom ya tura gaban Kanar, ya ce mutum ya ce lafiyarsa ƙalau kuma ya taka, ga layi a waje.

Kanar ta ɗauki biro. Sai ta sa tabarau, ta leƙa ta gefen tebur, ta kalli ƙafafunsa.

"Fayil ya ce ka koyar a makarantar kurata."

"Shekara takwas, ranki ya daɗe."

"Ke nan ka koya wa ɗaruruwan yara ɗaure takalmi."

"Ƙwarai, ranki ya daɗe."

"Na hagun nan ɗaurin soja ne, ba wanda zai kushe shi. Na daman fa? Wa ya koya maka ɗaurin bakin buhu?"

Idon Saje bai sauka ƙasa ba, don ya san abin da ke wurin.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce, ba faɗa a muryarta. "Abin da ka faɗa shi zan rubuta, don ba ni da ikon rubuta wa mutum ciwon da ya ce ba shi da shi. Ka san wannan ne zuwanka na ƙarshe. Wa ya ɗaure maka takalmin dama yau da safe?"

Jama'a, kalma ɗaya ce tsakaninsa da fita da kansa a sama. Ya ce ni, shi ke nan. Har bakinsa ya buɗe.

Sai idonsa ya faɗa kan tsagin ƙofa. Ba fuskar Kwamanda ya gani ba, ƙafafunta kawai ya hango cikin silifas, da gindin sandarsa a tsakaninsu. Ya tuna yadda ta durƙusa a kan siminti da safen nan, tana ɗaurawa tana mita cewa igiyar ta yi gajarta. Ya tuna da ta gama sai da ta dafa gado sannan ta iya miƙewa, don ita ma gwiwarta ba ta yarinya ba ce. Ciwonsa nasa ne, yana iya musun sa in ya ga dama. Amma ya tsaya a nan, tana ji da kunnenta, ya ce ba ta yi abin da ta yi ba, wannan kam ya fi ƙarfinsa.

"Matata ce, ranki ya daɗe."

"Yau kaɗai?"

"Shekara huɗu ke nan."

"Ci gaba."

Da yake bai iya kuka da kansa ba, sai ya ba da shi kamar rahoto, ɗaya bayan ɗaya, ido a bango.

"Ita ke sa mini safa. Ita ke yanke mini farcen ƙafa. In zan yi wanka, ita ke kai mini kujera ta dawo ta ɗauke. In zan hau matakalar ɗaki, kafaɗarta nake dafawa. Sau biyu na faɗi a banɗaki, ita ta ɗaga ni, ba ta bari yara sun ji ba. Bayan zuwana nan na farko na kwana biyu a kwance. Na biyu ma haka."

Ya tsaya ya ja numfashi.

"Ranki ya daɗe, ina neman izinin zama."

Kanar ba ta sa kowa ba. Da kanta ta tashi ta zagayo ta jawo masa kujera, ta riƙe gwiwar hannunsa har ya zauna. Ta sa hannu ta ɗan juya ƙafar, ya runtse ido.

"Da zafi?"

"Da zafi, ranki ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Matashin da ya turo fom ya janye shi a hankali ya ɗauko wani. Kanar ta ce a kira matar. Kwamanda ta shigo da sanda a hannu, ido ya yi ja, ta gaishe su. Sai kuma ta kasa haƙuri.

"Ranki ya daɗe, na ji an ce ɗaurin bakin buhu. To ai buhun bai taɓa kwancewa a hanya ba."

Duk ɗakin aka yi dariya, har shi Sajen, yana share ido da bayan hannu.

Kanar ta koma mazauninta ta rubuta abin da za ta rubuta, sauran biyun suka sa hannu. Kafin ta rufe fayil ta dube shi.

"Baba, mahaifina soja ne, kuma irinka ne. Shi ba wanda ya kalli takalminsa. Ka ji ni da kyau: wannan katin ba sadaka ba ne, kuma ba rabon wani ka ci ba. Tun ranar da ƙarfen nan ya shiga jikinka ka biya shi."

Saje ya karɓi sandarsa daga hannun matarsa, ya dogara, suka fita a gaban duk mutanen benci.

Bayan wata biyu aka yi masa aiki. Likitan da ya yi ya ce an samu nasara, amma an makara. Da tun zuwan farko ne, da ƙafar ta dawo daidai. Yanzu za ta ɗan gaza 'yar uwarta tsawo, zai yi tafiya da ɗingishi har ƙarshen rayuwa, fareti kuma an gama. Saje ya ce ya ji, laifin ba na kowa ba ne sai nasa.

Makonni ya yi yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu a ɗakin motsa jiki na asibitin. Ran nan mai koya masa ya ce yau zai saki ƙarfe ya taka shi kaɗai. Kwamanda ta je ta tsaya a ƙarshen ƙarafan, inda za su ƙare masa.

Ya saki hannu. Taku ɗaya, biyu, uku, yana tangaɗi kaɗan yana gyarawa. Da ya matso kusa da ita, ba ta san lokacin da ta juya gefe ta sauke kafaɗarta ba, yadda ta saba.

Bai dafa ba. Ya wuce ta, ya ci gaba da ɗingishinsa har jikin taga, ya taɓa bango, ya juyo da kansa. Tana nan a sunkuye tana jiran nauyin da bai zo ba.

"Miƙe, Kwamanda," ya ce. "Na gode. Daga yau an sallame ki daga wannan aikin."

Ta miƙe. Ta rufe fuska da gefen mayafi, ta yi kukan da ta shekara huɗu tana ɓoye masa. Shi kuma ya tako ya dawo wurinta da ƙafarsa.

Darasi: Faɗin ciwo ba raki ba ne, kuma karɓar haƙƙinka ba roƙo ba ne. In ka ɓoye damuwarka don kada a ga gazawarka, ka sani ba kai kaɗai ke ɗauke da ita ba, akwai wani a gida da nauyin ke sauka a kansa kullum bai yi ƙorafi ba. In kana da uba, kawu ko maƙwabci da ya yi aikin soja ya dawo da rauni, kada ka tsaya a kan amsarsa ta farko. Zauna ka sake tambaya, ka raka shi ya nemi abin da yake nasa tun lokaci bai ƙure ba. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila ya isa gidan da ake buƙatarsa.